Kwanan tanti a gonar mutane a bakin kogin Breede: amsa ga mai shirin fita da iyali

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, ya aiko da tambaya. Ya ce yana so ya fita da maiɗakinsa da yaransu uku a hutun ƙarshen shekara, su kafa tanti na kwana uku a ɗaya daga cikin gonakin da ke bakin kogin Breede, wajen garin Robertson, inda masu gonaki suke ware fili su karɓi baƙi da kuɗi. Abubuwa uku ne suka tsaya masa a rai: ko doka ta yarda mutum ya yada zango a gonar wani a gefen kogi, ko akwai hatsari a kogi ko tafki da zai sa a fasa tafiya da yara, da kuma ko ya dace Musulmi ya kwana a yankin da ya yi suna da giyar inabi.

Malam, na yi shekaru ina aikin da ya shafi ban-ruwa a wannan kwari, na kuma kwana a tanti a gaɓar kogin nan a lokuta daban-daban na shekara, saboda haka zan amsa maka da abin da idona ya gani da abin da aikina ya koya mini. Shawarata ita ce ka tafi, domin wuri ne da yara za su daɗe suna tunawa da shi, amma ka tafi da sanin cewa inda za ka sauka gona ce da ake aiki a cikinta dare da rana, ba wurin shaƙatawa da aka gina dominka ba. Yawancin ɓacin ran da na gani tsakanin baƙi da masu gona, da yawancin hatsarin da aka tsallake da ƙyar, daga mantawa da wannan suka samo asali.

Maganar doka ba ta da tsawo, sai dai ta sha bamban da abin da muka saba da shi a gida. A ƙasar Hausa, da zarar an kawar da amfanin gona sai fili ya zama tamkar na kowa, makiyayi ya bi burtali ya kai dabbobinsa mashaya, mai wanki ya gangara rafi ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A lardin Yammacin Kef kuwa kusan duk ƙasar da idonka zai gani daga kan titi tana da mai ita, an kewaye ta da waya, kuma shiga cikinta ba izini laifi ne tun daga dokar hana kutse ta 1959. Ruwan kogin kansa ba mallakin mai gona ba ne, domin dokar ruwa ta ƙasa ta 1998 ta mayar da shi amanar al'umma a hannun gwamnati, ta kuma ba mutum damar yin iyo ko tuƙa kwalekwale a ruwan da ya isa gare shi ta halastacciyar hanya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kuɗin da ka biya mai gona shi ne ya buɗe maka hanyar zuwa kogin ta gefensa, kuma izinin ya tsaya a iyakar gonarsa. Idan yaranka suka haye zuwa ɗaya gaɓar suka shiga tsakanin bishiyoyi, sun shiga gonar wani mutum dabam wanda bai san da zuwanku ba. Idan kana da niyyar jefa ƙugiya, sai ka nemi lasin kamun kifi daga hukumar kula da namun daji da tsirrai ta lardin, wato CapeNature, kuma kada ka yi mamaki idan ka ciro tarwada, irin tamu ta gida, domin ta bazu a kogunan yankin ko da yake ba 'yar asalinsu ba ce.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka kira mai wurin ta waya, kada ka tsaya ga hotunan da aka ɗora a intanet, domin mai ɗaukar hoto yakan zaɓi sa'ar da rana ta yi sanyi da kusurwar da ba ta nuna maƙwabta. Ka tambaye shi ko filin naku ne ku kaɗai ko kuwa ana jera tantuna kusa da juna, tun da mai iyali da ke son matarsa ta sake ta yi walwala ya fi bukatar keɓantaccen fili fiye da kowane irin kayan alatu. Ka tambayi inda ruwan famfon wurin yake fitowa, domin a gonaki da yawa kai tsaye ake jawo shi daga kogi ko daga madatsar gona, ya isa wanka da wanke-wanke amma bai dace da sha ba. Ka ji ko akwai inuwa da rana tsaka, ko ƙaramar mota tana iya kaiwa har wurin, ko waya tana samun sabis a gindin kwarin, da kuma ƙarfe nawa ake kulle ƙofar gona, saboda wannan na ƙarshen shi ne zai zama babban al'amari idan larura ta taso cikin dare. A yawancin wurare za a miƙo maka takarda ka sa hannu cewa mai gona ba zai ɗauki alhakin abin da ya same ku ba. Ka karanta ta da kyau, domin tana gaya maka gaskiyar lamari: babu mai gadin ruwa, babu ma'aikacin jinya, kai ne mai lura da iyalinka.

Hanya ba ta da wahala. Daga Kef Tawun za ka ɗauki babban titin N1, ka ratsa ta ramin Huguenot da aka buɗe a 1988, mai tsawon kusan kilomita 4 a ƙarƙashin dutse, ka sauka Worcester, sannan ka karkata kan R60 zuwa Robertson, jimillar kimanin kilomita 160, tafiyar sa'o'i biyu ke nan. Ka yi sayayyar nama a birni kafin ka taso, inda mahautan Musulmi da kantuna masu shaidar halal suke da yawa, ka zuba shi a cikin kula tare da ƙanƙara mai yawa, kuma ka yi ƙoƙarin isa da sauran rana, domin kafa tanti da tocila a wurin da ba ka sani ba shi ne mafarin zaɓen wurin da bai dace ba.

A kan kogin zan daɗe, domin shi ne dalilin tafiyar kuma shi ne babban abin tsoro. Breede yana tasowa daga duwatsun da ke kewaye da Ceres, ya bi ta Worcester da Robertson da Bonnievale da Swellendam, ya faɗa tekun Indiya a Witsand bayan tafiyar fiye da kilomita 300. Ruwansa launin shayi ne, kuma ba datti ne ya sa haka ba, tsirran duwatsun yankin ne suke rina shi. Sai dai wannan launi yana hana ganin ƙasa, ta yadda wurin da yaro yake tsaye ruwa na iya gwiwarsa zai iya zama taku ɗaya kawai daga rami mai zurfin da ya fi tsawon babban mutum, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai kututture da rassan da ambaliya ta jawo waɗanda suke riƙe ƙafa. Kafin yaro ya sa ƙafa, kai ne za ka fara shiga da sanda a hannu ka auna wurin, ka sa musu iyaka da wata alama da suke gani. Ka sayi rigar hana nutsewa daidai jikin kowane yaro, ba balan-balan ɗin hannu ba, kuma a kowane lokaci a san takamaiman babban da idonsa yake kan ruwa, domin yaron da yake nutsewa ba ya iya ihu, kuma abin yakan faru ne a lokacin da uwa take zaton uba yana kallo shi kuma yana zaton ita take kallo.

Akwai abin da baƙi ba su cika sani ba game da wannan kogi, shi ne cewa a lokacin zafi ba ruwan sama ne yake gudanar da shi ba. Ruwan da yake sauka a Robertson a shekara bai kai rabin na Kano ba, kuma lokacin damina a can shi ne lokacin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta. Gonakin inabin da za ka gani kore shar a watan Disamba suna rayuwa ne da ruwan da aka tara a babbar madatsar Brandvlei kusa da Worcester, wanda ake saki cikin kogi da magudanai domin ban-ruwa. Saboda haka ruwa yana iya ƙaruwa ko raguwa alhali babu ko gajimare a sama, kuma tsibirin yashin da yara suka yi wasa a kai da yamma yana iya shafewa kafin gari ya waye. Kada ka kafa tanti a kan yashin cikin kogi, komai laushinsa da kyansa.

Hanyar da nake bi wajen zaɓen wuri ita ce in ɗaga kai in dubi bishiyoyin gaɓa. Wata rana a wata gona da ke ƙasa da Bonnievale na ga wani fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, ga inuwa ga iska, har na sauke kaya na fara warware tanti, sai idona ya kai kan wani reshe da ya fi kaina tsawo da kusan kamu biyu. Busasshiyar ciyawa ce ta nannaɗe shi, da guntun baƙin bututun ban-ruwa da tsumman buhu, duk sun karkata gefe guda, wato inda ruwa ya nufa. Ba iska ce ta kai su can ba, ambaliya ce ta rataye su, kuma wurin da nake tsaye ya taɓa zama tsakiyar kogi. Na mayar da kayana mota na hau tudu. Wannan alama ba ta ƙarya, kuma ina so ka nuna wa yaranka ita, domin darasi ne da zai amfane su a bakin kowane kogi. Kada kuma ka ce ai lokacin rani ne a can, ambaliya ba ta zuwa. Wadda ta shafe garin Laingsburg ta hallaka mutum 104 a ranar 25 ga Janairu 1981 ta zo ne a tsakiyar zafi, kuma ruwan wannan rana ya yi ɓarna a Montagu, wadda ke kusa da inda za ka sauka. A watan Satumba na 2023 ma ruwa ya karya gadar da ke kai wa ƙauyen McGregor, mutanensa suka yanke daga Robertson. Ka duba hasashen yanayi kwana biyu kafin tafiya, kuma idan an yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu ka ɗage tafiyar, ko da kuɗinka ba zai dawo ba.

Wani abu game da bishiyoyin gaɓa kuma: da yawansu manyan itatuwan turare ne da aka kawo daga Ostireliya suka mamaye bakin kogunan yankin. Inuwarsu tana jan hankali, amma suna da halin sakin babban reshe ba tare da wata alama ba, musamman a ranar zafi mai tsanani. Ku zauna a gefen inuwarsu da rana idan kuna so, amma kada ku kwana a ƙarƙashin reshe mai nauyi.

Ka ambaci tafki a tambayarka. Tafkunan da za ka gani a wannan yanki kusan dukkansu madatsu ne da mutum ya gina. Akwai manya irin Theewaterskloof kusa da Villiersdorp, wadda ita ce mafi girma cikin masu shayar da Kef Tawun, kuma ita ce aka riƙa nuno busasshen cikinta a farin 2017 da 2018 lokacin da aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana. A irin waɗannan manya, iska ce matsala, domin takan taso da rana ta kori ƙaramin kwalekwale zuwa tsakiya. Amma waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne ƙananan madatsun gona. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san labarin kududdufi da yadda yake cin yara, to waɗannan ma haka suke, har sun fi, domin gefensu a tsaye yake, wasu an shimfiɗa musu baƙar leda mai santsi wadda wanda ya zame ba ya iya hawowa, saman ruwan da ɗumi ƙasansa da sanyi ƙarara, ga kuma bututun da injin yake zuƙar ruwa ta cikinsa. Idan mai gona bai ce ana iyo a madatsarsa ba, to ka ɗauka an hana.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne babu zazzaɓin cizon sauro a wannan lardi, kuma tsargiya, wadda take hana mu sakin yara a ruwan gida, ba cutar kogunan nan ba ce. Babu dorina, kada ma ba ɗan kogin ba ne, ko da yake a watan Maris na 2021 wasu ƙananan kadoji sun kuɓuce daga wata gonar kiwonsu kusa da Bonnievale aka yi ta farautarsu, saboda haka ba laifi ba ne ka tambayi mai wurin. Macizai kuwa suna nan, musamman kasa da gamsheƙar Kef. Kasa ba ta gudu idan ta ji tafiya, kwanciyarta take yi a kan hanya, don haka kada kowa ya fita da dare ba takalmi rufaffe da tocila, kuma a riƙa zuge tanti a kowane lokaci, a kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin ba a tsotsa, a kwantar da mutum a hana shi motsi a nufi asibiti nan take, domin dafin gamsheƙa numfashi yake kamawa. Akwai asibiti a Robertson, akwai wanda ya fi shi girma a Worcester, kuma lambar gaggawa daga wayar hannu ita ce 112. A gonakin da ke jikin dutse gwaggon biri yakan zo, ya kuma iya buɗe kula da ƙofar mota, maganinsa shi ne kada ya ga abinci a fili kuma kada yaro ya miƙa masa komai. Bayan kun dawo daga yawo cikin ciyawa a duba jikin yara saboda kaska, tun da cizonta yana kawo zazzaɓi bayan kwanaki.

Yanzu sai wuta, wadda a kanta ne za ka ga mai gona ya murtuke fuska ko da mutumin kirki ne. Daga Disamba zuwa Maris ciyayi sun bushe ƙamas, zafi a Robertson yakan wuce digiri 35, ga iskar kudu maso gabas da takan kaɗa kwana da kwanaki. Dokar gobarar daji ta 1998 ta ɗora wa mai ƙasa nauyi mai girma, har ta kai idan wuta ta tashi daga gonarsa ta ci ta maƙwabci, ana ɗaukarsa mai sakaci sai ya kawo hujjar akasin haka, in dai ba ya cikin ƙungiyar kare gobara ta yankinsa. Garwashi guda daga wurin gashin namanka yana iya cinye gonar inabin da aka yi shekaru ana reno, da gidajen ma'aikata, da dukiyar mutanen da ba su san ka ba. Idan aka ce yau ba a hura wuta saboda an yi gargaɗi, kada ka yi jayayya, ka tafi da ƙaramin murhun gas domin irin wannan rana.

Na taɓa ganin yadda abin yake farawa. Muna kwance wajen ƙarfe 2 na dare a wata gona sai iska ta juya, na ji ƙaurin hayaƙi, na leƙo na ga wurin gashin maƙwabtanmu, waɗanda suka rufe wutarsu da yashi suka shiga barci, ya yi ja kamar an hura shi da mafici, tartsatsi yana tashi yana sauka a kan busasshiyar ciyawa. Da bokiti biyu muka kashe ta, ni da wani dattijo ma'aikacin gonar da ya fito duba injin ruwa. Bai ɗaga murya ba, sai ya tsuguna ya tona yashin da sanda ya nuna mana garwashin da ke ƙasa yana nan da ransa, sannan ya zuba ruwa yana motsawa har tokar ta zama taɓo, ya ɗora bayan hannunsa a kai. Tun daga ranar haka nake kashe wuta: ruwa, motsawa, ƙarin ruwa, sai hannu ya tabbatar babu ɗumi. Itacen hura wutar kuma ka saye shi a gonar ko a garin da ke kusa, kada ka ɗauko daga birni, saboda wani ɗan ƙwaro mai huda bishiyoyi da aka fara gani a yankin Kef Tawun a garin Somerset West a 2019, wanda yake bin itacen girki daga gari zuwa gari. Sau da yawa za a sayar maka da kututturen tsofaffin kurangar inabi da aka tumɓuke, kuma garwashinsa yana da kyau ƙwarai wajen gashi.

Game da aikin gona, ka shirya jin ƙara. Injin ban-ruwa da ke bakin kogi yakan tashi cikin dare, tarakta mai feshi takan fita da sassafe kafin iska ta taso, tana watsa farar wuta da sauran magunguna a kan kuranga, kuma daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, lokacin girbi, injinan tsinke inabi suna aiki da dare domin a kai shi matsewa da sanyinsa. Kada yara su shiga tsakanin layukan inabi, kada su tsinki ko ƙwaya ɗaya, saboda haƙƙin mai shi da kuma maganin da ke jikinsa. Ƙofar da ka samu a rufe ka rufe ta bayanka, wadda ka samu a buɗe ka bar ta yadda take, kuma ka tuƙa a hankali, domin ƙura tana lalata 'ya'yan itace, ga kuma yaran ma'aikata da suke wasa a gefen hanya.

Waɗannan ma'aikata ina roƙonka ka ba su girmansu. Tarihin giyar inabi a wannan ƙasa, tun daga 2 ga Fabrairu 1659 da aka fara matse ta a zamanin Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan da suka fara zama a Kef, a kan wuyan bayi da talakawa aka gina shi, kuma cikin bayin da aka kawo daga tsibiran Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka har da kakannin Musulmin Kef na yau. An daɗe ana biyan ma'aikatan gona wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop, wanda ya ci gaba a wasu gonaki shekaru da yawa bayan doka ta hana shi, kuma har yau illarsa tana bayyana a jikin yaran da aka haifa ga iyaye mata masu sha. A 2012 ma'aikatan gonakin De Doorns sun yi yajin aiki suna neman a ɗaga ladan yini daga rand 69 zuwa 150, aka tsaya a 105 a shekarar da ta biyo baya. Gidajen da za ka wuce a cikin gona gidajen mutane ne masu mutunci. Ka gaishe su, ka koya wa yaranka gaishe su, kada ka ɗauki hotonsu ba izini, kuma idan wani ya kawo maka itace ko ya taimaka maka da mota, ka sallame shi da abin kirki.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta uku. Yanke hukunci aikin malamai ne, kuma Kef Tawun cike take da su, amma zan shimfiɗa maka yadda wuraren suke domin tambayar da za ka kai musu ta fito daidai. Gonakin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda take da wurin matsewa da ɗakin ɗanɗana giya da wurin cin abinci a harabarta, filin tantin kuma wani ɓangare ne na wannan kasuwanci, har akan tarbi baƙo da kwalba a matsayin kyauta. Akwai wadda take noman inabi kawai ta sayar wa masu sarrafawa. Akwai kuma masu noman inabin ci da na zabibi, da zaitun, da lemo, da sauran 'ya'yan itatuwa, ko masu kiwon dawaki da shanun madara, waɗanda ba su da alaƙa da giya sai maƙwabtaka. Sananne ne a hadisi cewa la'anar giya ba ta tsaya ga mai sha ba, ta haɗa da mai matsewa da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, kuma an hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ni dai abin da na zaɓar wa kaina da iyalina shi ne in kauce wa kashi na farko gaba ɗaya, in fifita na uku, domin ba na so yarana su tashi suna ganin kwalba a kan kowane tebur har abin ya zama ba komai a idonsu, kuma samun irin waɗannan gonaki ba wuya. Kwarin Hex wajen De Doorns inabin ci ne, Ceres tuffa da makamantanta, Citrusdal da ke bakin kogin Olifants lemo ne, kuma ko a cikin kwarin Robertson akwai su. Ka yi tambayar kai tsaye a waya, ba za su ji haushi ba, sun saba da baƙi Musulmi.

Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da zai fi damunka ba mai gona ba ne, maƙwabtan tanti ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu makarantu suna hutu, ma'aikatu da yawa sun rufe, kowane fili ya cika, kuma al'adar mutane da yawa a can ita ce gashin nama da sha har dare ya raba. Idan hutunka ba zai matsa ba, ka nemi keɓantaccen fili ko wurin da ya rubuta dokar hana kiɗa da hayaniya bayan wani lokaci, ka kuma kama shi da wuri. Idan kuwa kana da zaɓi, ƙarshen Maris zuwa Afrilu ya fi, ban da kwanakin Ista, domin zafi ya sauka, iska ta lafa, an gama girbi, ganyen inabi ya fara juyawa ja da rawaya. Oktoba da Nuwamba ma suna da daɗi, sai dai ruwan kogi yana da sanyi kuma yana da sauran ƙarfi.

Maganar salla tana da abin lura guda wanda na ga ya rikita 'yan'uwa da yawa. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas muna nufin ya yi salla. A can kuwa alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas da kimanin digiri 22 zuwa 23. A birni masallaci yana ɗauke maka wannan nauyi, amma a bakin kogi idan ka bi mafitar rana ka kauce ƙwarai. Allurar kamfas ma tana karkata yamma da kusan digiri 25 a wannan yanki, saboda haka a kan kamfas na hannu lambar da za ka nema tana wajen 48. Hanya mafi sauƙi idan waya ta mutu ita ce ka kafa sanda da rana tsaka, inuwarta za ta nuna kudu, sai ka ba inuwar baya ka ɗan karkata dama. Nisan tafiyar ya wuce na ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba matafiyi ne, don haka kwana ukunku suna cikin rangwame. A watan Disamba alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 4, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 8, saboda haka ku yi barcin rana a inuwa lokacin da zafi ya hana komai. Ka tafi da buta biyu, domin bayan gidan irin waɗannan wurare ba a tanadar masa ruwan tsarki, kuma duk wanki da wanke-wanke da sabulu a yi su nesa da gaɓa, tun da ruwan da ya wuce gabanku akwai masu shansa a ƙasa. Ranar tashi ku kwashe shararku gaba ɗaya ku tafi da ita gari, ku bi filin a jere kai da yara kuna tsince turakun tanti da murafen kwalba da guntayen igiya, sannan ka tsaya a gidan mai gona ka sanar da shi kun fita, domin ya san ba sauran kowa a bakin ruwa kafin ya kulle ƙofa.